Muryar Inna a Dosiyen Rediyo

Dumega, Litinin

Zuwa ga taubashina Jalaluddeen,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya aikin gidan rediyo? A gaida Kawu da mutanen Dogon Dutsi.

Ba wasa ya kawo ni ba yau. Jikin Baba ya yi tsanani, ko fura ba ya iya haɗiyewa. Abu ɗaya yake ta nanatawa, a jiyar da shi muryar Inna. Ka tuna waƙar niƙan da marigayiya ta yi wa shirin mata? Tana cikin dosiyen da ake adana tsoffin muryoyi, wanda dukanmu 'yan sa-kan rediyo muke buɗewa ta rezon intanet. Jiya na hau mota har Tibiri, na zauna gaban ordinata, kwamfutar ƙaramin ofishinmu, na sa kod ɗina na sirri, sai ta ce wai ba ni da izini. Ni, Jalalu! Muryar uwata!

Kai ne mai na'urorin, don Allah ka buɗe mini. Rezon waya ba ya kamawa gidanmu, ka ba Mani direba amsa.

Taka,
Mardiyya

Dogon Dutsi, Talata

Malama Mardiyya,

Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya.

Ni na rufe, da hannuna. Wani ɗan sa-kai irinku ya kwafi hirar wata tsohuwa ya watsa ta a waya, danginta suka cika ƙofar rediyo da faɗa. Darakta ya ce a cire rukunin 'yan sa-kai gaba ɗaya, a bar dosiyen ga ordinatar situdiyo kaɗai, ita ma saurare take iyawa, ba kwafa ba. Ya sa na rantse ba zan fitar da ko ɗaya ba. Yana Yamai taro, na kira, wayarsa a kashe.

Ki yi haƙuri har ya dawo.

Ɗan'uwanki,
Jalaluddeen

Dumega, Laraba

Jalalu,

Sallama. Haƙuri? Mutuwa darakta take jira? Matar da ka kulle gwaggonka ce, ita ta goye ka lokacin da mahaifiyarka ke kwance. Laifin mutum ɗaya ka ɗaure mu duka da shi!

Na gwada rera masa waƙar da kaina, ya girgiza kai ya juya fuska bango. Wallahi na fita bayan rumbu na yi kuka har na gode Allah. Ban ce ka karya rantsuwa ba, amma ka yi wani abu, ina roƙonka. Yau ko ni bai gane ba sai da na faɗi sunana.

Mardiyya

Dogon Dutsi, Alhamis

Mardiyya,

Sallama. Wasiƙarki ta hana ni cin abinci. Rantsuwata a kan kwafa ce, ban rantse ba za a sa ta a iska ba. Na roƙi Luƙman mai shirin zaɓen waƙoƙi na Juma'a, ya yarda. Gobe bayan la'asar ki kunna rediyo ki aje kusa da kunnensa. Ga batir sabbi na ba Mani. Sau ɗaya za ta wuce, kada ki bar shi ya yi barci.

Jalalu

Dumega, Asabar

Jalalu,

Ya ji. Ya buɗe ido ya ce, "Zalihatu, kin dawo daga rijiya?" Ni ban ce masa rediyo ce ba.

Da asuba ya cika. Ka gaya wa Kawu, ku zo.

Na gode.
Mardiyya