Rabin Gwiwa

Litinin, 3 ga Maris

Na faɗi a gaban ɗalibaina. Ni Nubia, da na tsufa ina koyar da rawar salsa a birnin Cali. Gwiwar dama ce ta ƙi ɗaukata, amma na ce daɓen ne ke da santsi. Evelio, abokin rawata, shi ke goge daɓen. Ya yi ta ba ni haƙuri, ni kuwa na bar shi yana yi.

Alhamis, 6 ga Maris

'Yata Yeimy ta kai ni wurin Likita Balanta. Layin inshora sai baɗi, don haka aljihun 'yar tawa ne zai ji jiki.

Hanya biyu, in ji shi. Ko a sauya rabin gwiwar, ɓangaren ciki: ya fi arha, a warke da wuri, ta riƙa lanƙwasuwa kamar ta haihuwa. Ko a sauya duka: tsada, doguwar jinya, amma tana daɗewa. Ya ce rabin ya fi riba muddin ɗaya ɓangaren lafiyarsa ƙalau. In ba haka ba, a sake yanka, a biya sau biyu. Hoton bai fayyace ba, sai ya danna gefen waje. “Nan fa, Doña Nubia, da ciwo?”

Na ce babu. Har cikin haƙorina na ji shi.

Lahadi, 9 ga Maris

Muna shan farfesun sancocho Yeimy ta miƙe ta shaida wa dangi cewa Mami ta zaɓi mai arha don kada a sayar da tasin da take tuƙawa. Ƙanwata Marleny har da hawaye. Aka ƙara mini nama.

Ba don tasi ba ne. So nake in yi rawa a bikin Disamba, da sabuwar jar rigata.

Talata, 11 ga Maris

Ban je aji ba. Na ce mura.

Juma'a, 14 ga Maris

Evelio ya zo da burodin pandebono mai zafi. Ya zauna yana kallon yadda nake tashi daga kujera.

“Ƙawata, ciki aka ce ciwon yake, me hannunki ke yi a waje?”

Na ce ya ci abin da ya kawo ya tafi. Ya yi dariya. “Na daɗe ina jin kina jingina da ni a juyin hagu. Ki yaudari likita, ban da mai riƙe ƙugunki.” Sannan ya daina dariyar. “In aka sake yanka ki, wa zai biya na biyun? Ni dai kin san ko keke ba ni da shi.”

Da ma zagina ya yi.

Talata, 18 ga Maris

A cikin tasi na gaya wa Yeimy gaskiya, muna tsaye a danja, don kada ta samu damar kallona. Aka ba mu hannu ba ta ja motar ba, har aka fara yi mana ham.

“Mami, ashe rawa ce? Na tsaya gaban mutane ina yabonki!”

Ta juya motar sai asibiti. Likita ya sake dannawa, na yi ƙara. Duka za a sauya.

Asabar, 26 ga Afrilu

An yi aikin. Tasin ya tafi. Yanzu motar wani take tuƙawa, tana kai masa balas. Ita ke ɗaga mini ƙafa safe da yamma, tana cewa “Lanƙwasa, tsohuwar maƙaryaciya.” Gara da take faɗa.

Asabar, 27 ga Disamba

Biki. Ina tafiya ba ciwo, amma saurin ƙafar nan ta da babu shi. Dayana, ɗalibar da na fi tsangwama, ita ta fita rawa da Evelio. Na zauna a layin gaba da niyyar tsinto kurakuranta.

Ta yi guda biyu, na gani sarai. Yeimy ta ce wai ni na fara miƙewa ina ihu, ina kiran sunan yarinyar. Ban tuna ba. Muryata dai ta dishe.