Na Mayar da Itacen Jegon 'Yata Saboda Tankinku

Zuwa ga Mai Girma Shugaban shirin tankunan ruwan zafi na hasken rana da aka raba a ƙauyukanmu na ƙasar Ɗanbatta.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyalinka da ma'aikatanka. Ya aiki, ya kuma damina? Allah ya sa mu ga ƙarshenta lafiya, amin.

Ranka ya daɗe, sunana Hansatu. Ni ce nake koya wa matan ƙauyenmu karatu da rubutu a tsakar gidana bayan la'asar. Maigidana ya rasu shekara shida ke nan. Ba ka san ni ba, amma ka san fuskata, domin ni ce matar nan mai shuɗin mayafi da ke murmushi a gindin tanki a jikin takardar da kuke mannawa a bango. Na rubuto maka a fili ne saboda lambar wayar da kuka liƙa a jikin tankin na kira ta har na haddace ta, kullum a kashe. Na yi aike ofishinku sau biyu, aka ce ana jiran kaya su iso.

Ga abin da ke tafe da ni. 'Yata Rabi, ita kaɗai ce mace a cikin 'ya'yana, ta yi haihuwar fari yau kwana goma sha shida, tana wankan jego a ɗakina kamar yadda aka saba. Ranar Juma'ar nan uwar mijinta za ta zo da mota ta ɗauke ta ita da jaririn, a ƙarasa wankan a can, saboda na kasa tafasa mata ruwa. Yau Litinin. Duk abin da zan faɗa a ƙasa, ka karanta shi da wannan Juma'ar a ranka.

Na ɗaya. Da ma'aikatanku suka zo da rani, ba su sami mai sauraronsu ba sai ni. Maza sun tsaya daga nesa suna kallon dogayen kwalaben nan na jikin tankin suna dariya, wani ya ce ai wannan sai dai a shanya kuɓewa a kai. Ni kuwa abin ya shige ni, kuma ba zan yi ƙarya in ce tilasta mini aka yi ba. A nan wajenmu babu daji. Gona tana ƙarewa wata ta fara, kowace bishiya da mai ita, kowane reshe an san ranar da aka sassabe shi. Na girma ina ganin mata suna faɗa a kan kara. Idanuna kuma hayaƙi ya gama da su, sai da tabarau nake ganin allo. Da injiniyanku ya buɗe famfo na sa hannu na janye da sauri saboda zafi, har ga Allah sai da na yi ƙwalla. Na ce ashe za mu ga wannan rana.

Daga nan na zama bakinku. Gida gida na bi. Ni na karanta wa mata takardar alkawarin da kuka rubuta, cewa duk gidan da ya karɓi tanki ba zai ƙara sare itace don dafa ruwa ba, wanda ya karya kuma a kwance tankin, mai unguwa ya hukunta shi. Ni na riƙa kama yatsun tsofaffi ina dangwala musu a tawada. Sharaɗinku na biyu shi ne kowane gida ya miƙa rabin duron da yake dafa ruwa a ciki, wai don kada a koma gidan jiya. Nawa ne na farko da aka jefa a bayan motarku. A cikinsa aka dafa mini ruwan haihuwa biyar.

Na biyu, kuma nan ne nake so ka tsaya ka karanta a hankali. Na san kai ma mace ce ta haife ka, kuma an yi mata wanka, amma ƙila zaman birni ya sa ka manta yadda abin yake. Idan yarinya ta zo goyon ciki gidan iyayenta, dangin miji ne suke aiko da itacen jego. Wannan itace ba itace ne kawai ba. Da shi suke cewa cikin namu ne, mun sani, mun ɗauka. Duk talaucin mutum ba ya wasa da shi, kuma tun da nake ban taɓa jin an mayar da shi ba.

Rabi tana da wata bakwai ta dawo gida. Bayan mako ɗaya sai ga amalanken shanu a ƙofar gidana, an lafto shi da busasshen marke, faskare mai kyau, irin wanda ke ci har ya bar garwashi. Hajiya Tabawa, uwar mijin Rabi, ba yaro ta aiko ba. Ƙanin maigidanta ta aiko, Baba Ɗanlami, dattijo mai furfura, ya taso tun da sassafe daga ƙauyensu. Tsautsayi ya sa a ranar injiniyanku yana gidana da baƙi masu ɗaukar hoto, don gidana kuka mayar gidan nuni. Da ya ga ana shirin sauke itacen sai ya ja ni gefe, ya ce tarin itace a ƙofar gidan nuni zai ɓata komai, kuma me zan yi da shi tunda ga tanki, ruwan zafi safe da yamma, rani da damina. Na tambaye shi, har da marka? Ya ce har da marka, tankin yana riƙe zafi kwana biyu. Da bakinsa ya faɗa, a gaban mutane.

Ranka ya daɗe, sai na fita na ce wa Baba Ɗanlami ya koma da shi, mun gode, mu yanzu mun wuce nan. Baƙinku suka yi tafi. Dattijon ya dube ni ya dubi tankin, ya ce, "To Malama, zan faɗa yadda kika faɗa." Ya juya shanunsa ko ruwa bai sha ba. Ina jin daɗin tafin nan a lokacin, wannan laifina ne, kuma ina ɗauke da shi. Amma wanda ya san tankin bai kai ba, ya bar ni na yi, shi ma yana da nasa kason.

Na uku. Rabi ta haihu a tsakiyar marka. Kwana huɗu a jere rana ba ta leƙo ba. Wankan jego sau biyu ne, bayan asuba da kuma yamma, kuma da ruwan da ya tafasa ake yi, a tsoma ganyen darbejiya a riƙa fyaɗa wa mai jego a jiki. Na safen nan shi ne babba, shi ne kuma lokacin da tankinku ya kwana cikin ruwan sama. Abin da yake fitowa ɗumi ne kawai, kamar ruwan da aka manta a buta a rana. Na ji wata ma'aikaciyarku tana cewa likitoci ma ba sa son ruwan ya yi zafi sosai. To, ban zo gardama da likita ba, ban yi karatunsa ba. Amma a kwana na biyar aka yi ruwa da ƙanƙara, kwalba ɗaya tal ta fashe, ruwan tankin gaba ɗaya ya tsiyaye ta nan. Babu wanda ya taɓa gaya mana cewa idan ɗaya ta fashe sauran sun zama ado. Na cusa tsumma, na ɗaure da leda da roba, na hau tsani da bokiti na sake cikawa, ni da shekaruna, kafin in sauko ya zube. Yanzu ba maganar zafi sosai ko zafi kaɗan ake yi ba. Babu ruwan ma.

Ranar suna Hajiya Tabawa ta zo da danginta. Ta yi barka, ta ɗauki jikanta, ba ta ce komai a kan itace ba, har na fara samun sauƙi a raina. Da yamma da na haɗa ruwan wanka da abin da na iya dafawa a tukunyar tuwo, sai ta tashi ta bi ni bayan ɗaki. Ta naɗe hannun riga ta tsoma hannunta a bahon har gwiwar hannu, ta bar shi a ciki, tana kallona. Mata suna tsaitsaye. Ta daɗe ba ta cire ba. Can ta ce, "Malama, ashe nan kuka wuce." Ban taɓa jin kunya irin ta ranar nan ba, da ƙasa za ta tsage da na shige.

Na huɗu. Ƙila ka ce me ya hana ni komawa murhu. Da me? Duro yana wajenku. Tukunyar tuwo sai na ɗora ta sau huɗu kafin ta cika baho, kafin ta huɗu ta tafasa ta farko ta huce. Itace kuma a marka ko mai saye yana shan wuya, gawayi ya fi ƙarfina. Na zaga maƙwabta, kowa ya nuna mini hannu babu komai, don bana babu wadda ta tara kara da rani, ni na ce musu ba sai sun tara ba. Wata ta ce mini, ba da faɗa ba, "Malama, ai ke kika ce." Na ƙone dangar bayan gida, yanzu zani na rataya a wurin. Na ƙone kujerun da ɗalibaina ke zama a kai. Shekaranjiya na sa an faskara mini turmi, ina jin saran kamar a jikina, kuma ba zai wuce gobe ba.

Akwai darbejiya a tsakar gidana, reshe biyu daga cikinta ko ɗanye ne zai rage mini hanya. Kullum sai na ɗauki gatari in ajiye. Matan da na kama wa yatsa suna kallona ta kan katanga, mai unguwa kuma ya aiko mini cewa idan na sara, ba shi da bakin hana kowa, kuma dole ya kai rahoto. Ban ga laifinsa ba. Takardar da ke hannunsa muryata ce ta karanta ta.

Rabi ta yi zazzaɓi kwana uku da suka wuce, tana rawar ɗari har haƙora na haɗuwa. Na kai ta asibitin sha-ka-tafi, suka ce na cizon sauro ne, suka ba ta magani, ta ɗan ji dama. Amma je ka gaya wa Hajiya Tabawa haka. Ita a wajenta sanyi ne ya shiga yarinyar, kuma ni na buɗe masa ƙofa. Shi ya sa ta aiko da maganar Juma'a. Mijin Rabi yaron kirki ne, ya zo ya durƙusa ya ce in yi haƙuri, ba zai iya tsallake maganar mahaifiyarsa ba, kuma ta rantse itacen da aka mayar mata ba zai sake taka hanyar ƙauyenmu ba. Ranka ya daɗe, a ƙasar nan ana ɗauke mai jego daga ɗakin uwarta ne idan uwar ta mutu ko ta haukace. Ni ina raye, da hankalina. Za a riƙa faɗin wannan har yaron nan ya yi gemu, kuma a kunnensa za a faɗa.

Saboda haka nake roƙonka, don girman Allah, ba don na isa ba. Ka aiko da kwalba ɗaya kafin Juma'a, ko da daga tankin ofishinku za a ciro ta. Idan babu, ka dawo mini da durona, ko kowane duro, ba sai nawa ba. Ka rubuto wa mai unguwa layi biyu cewa gidan da ke da mai jego an ɗage masa alkawarin nan har ta yi arba'in, domin bayan Rabi akwai mata biyu a ƙauyen nan da ke da tsohon ciki, su ma babu itace, babu duro. Sannan ka turo injiniyan nan ya je gaban Hajiya Tabawa ya faɗa da bakinsa cewa shi ya ce a mayar da itacen. Ba na so a kore shi, yana da iyali. So nake ta ji cewa ba raini ne ya sa ni ba, yarda ce. Tankin nan da rani ya yi mana rana, ban ce a kwashe shi ba. Cewa na yi wanda ya zana shirin bai taɓa tambayar mace me take yi da ruwan zafi ba, kuma da ƙarfe nawa.

Jiya da la'asar na shiga ɗaki na tarar Rabi tana ninke kayan jaririn tana jerawa a jaka. Babu wanda ya sa ta. Na tsaya a bakin ƙofa. Ba ta ɗago ba, ta ce, "Inna, ba gudunki nake ba, wallahi sanyi nake ji." Ban hana ta ba. Na zauna na taya ta ninkewa.

Allah ya ƙara maka lafiya da ɗaukaka, ya sa aikin da kake yi ya zama nauyi a mizaninka, ya tsare ka daga jin kunya a gaban surukai. Idan kana da 'ya mace, Allah ya sa ta cika arba'in ɗinta a ɗakin mahaifiyarta.

Wassalam. Taka mai jiran amsa kafin Juma'a,

Malama Hansatu, mahaifiyar Rabi.