A Hau da Shuɗin Duro Sama

Da sunan Allah Mai rahama. Ni ne Haji Nazir Rahaman, tsohon hedimasta, dattijon masallacin ƙauyenmu na gaɓar Esekibo, can bakin teku. Ina rubuta wannan da hankalina garau, duk da 'yata Zorina na raɗa wa baƙi wai ya fara gushewa. Zuwa ga 'ya'yana, Zorina da Nizam da Farida, da jikokina. Ku karanta yau, kada ku ce sai an sauko Juma'a. Tun safe hadari ke haɗuwa ta wajen teku.

Na ɗaya. Gida da gonar shinkafa a raba yadda shari'a ta ce, Meji limaminmu ya san hanya. Ba su suka hana ni sukuni ba.

Na biyu, littattafan yara. Kun san dokar kantar littattafaina: yaro ya karanta abin da hannunsa ya kai, ba hawa kujera, ba ɗage. Na ƙasa na masu tatata, na sama na waɗanda murya ta fara buɗewa. Da haka na raine ku. Ke Zorina kin kwashe su don gadon jinya ya samu wuri, kin zuba a shuɗin duron da Farida ta aiko da kaya daga Toronto, kin sa an gangara da shi ƙarƙashin gida, tsakanin ginshiƙan da gidan ke tsaye a kansu. Kika ce, "Duron da ya ƙetare teku bai jiƙe ba, ruwan sama ne zai ci shi?" Da murfinsa ya ƙetare, 'yar nan. Murfin yanzu kajin Nizam ke cin tsaki a ciki. Kuma a nan aka haife ki, kin san in teku ta cika aka rufe ƙofar magudana, ruwa ba shi da wurin zuwa sai ƙarƙashin gidanmu. Bara har tukunyar dal, miyar wakenmu, ta yi iyo. A hau da duron sama yau.

Na uku, rabon jikoki. Bibi ƙarama a ba ta littafin kaguwar da ta ƙi tafiya a karkace. Shatin haƙoran da ke gefensa na uwarta ne. Imran, sarkin ƙarya, a ba shi na yaron da ya bi kogi a kwalekwale yana neman ubansa mai haƙar zinariya. In dai sai ya yi ƙarya, ya koyi mai daɗin ji. Shamiza, da ta fara kulle ɗaki tana kumbura fuska, a ajiye mata jan nan marar bango, na yarinyar da aka kawo a jirgin ruwa yankan rake. A ajiye a bakin ƙofa a wuce, kada a tambaye ta ko ta gama. Kuma kada wanda ya miƙa wa yaro littafi haɗe da wa'azi. Ko mangwaro ne, in ka ce magani ne, yaro ba zai sha ba.

Na huɗu. Nizam, littafina na taurari da ka ara wa budurwar da ta ƙi ka, je ka karɓo. Ta yi jikoki, kunyar ta isa haka. Gabar da kake yi da yayarka kan wa ya fi wani jinyata, ku bar ta. Ni da ake jinyar ban ga wanda ya ci gasar ba. Farida, takalman da kike aikowa sun isa haka. Duro na gaba a sa littafi ko ɗaya ne.

Na biyar. Jikana Fizul, yaro kyakkyawa, mai natsuwa, wanda ake ɗora wa laifin duk kwaɗon da aka tsinta a takalmin Meji, a ba shi kekena. A daina yi masa gorin bai yi boko ba. Karatun masallaci ma karatu ne.

Allah Ya yi muku albarka, Ya shirya zuriyarku. Ku riƙe juna, ku riƙa cin gurasar roti a faranti ɗaya, kada teku ko gardama ta raba ku.

To.

Khala Zorina, yayar mamana, na san tun a na biyar kika gane. Ni ne Fizul, ni na rubuta. Kaka yana nan da ransa, bai rubuta komai ba, ta ina, tunda hannun da bakin duk sun shanye? Keken ku riƙe abinku. Amma doka da rabon nan nasa ne, kun sha ji daga bakinsa. Ni ba a jin tawa a gidan nan, shi ya sa na ari tasa.

Littafin can saman kanta, wanda sai bana hannuna ya kai, mun je tsakiyarsa ni da shi. Shi yake karanta mini. Yanzu ni zan karanta masa, ko da ina tuntuɓe, amma yana gindin duro. Kullum la'asar sai Kaka ya juya ido wajen bangon da kantar take. Na gwada duron ni kaɗai, ko motsi bai yi ba.

An fara yayyafi. Mamu Nizam, kawuna, zo ka kama gefe ɗaya.