Ƙwayar Inna Ta Koma Kwata

Yaya Umaru,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina zaman Ikko? Ya iyali? Mu a Dingyaɗi lahiya lau, sai tsadar kaya.

Ƙafafun Inna da ke hana ta barci sun lafa. Tsohon maganinta ya yi wuya, likita a Boɗinga ya sauya mata, ya ce a janye tsohon sannu-sannu. Da reza nake raba ƙwayar.

Ita ba ta so. Ta ce in ta sha shi tana mafarkinka, kana ratsa gonar albasa cikin farar riga. Da muka koma rabi, ƙeyarka kawai take gani. Yanzu kwata, sai hularka daga nesa.

A gaida kowa, a sa mu cikin addu'a. Ran Juma'a kwatar za ta ƙare, Yaya. Ka zo ta ga fuskarka.

Ƙanwarka,
Asabe