Duhun da ke Tsakiyar Tocilarku

Zuwa ga Alhaji mai kamfanin da ke shigo da ƙaramar tocila mai tambarin zabuwa, ko a Sakkwato yake, ko Kano, ko Ikko, don har yau ban sami wanda ya san ƙofar ofishinsa ba.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaishe ka da iyali da ma'aikata, da fatan kuna lafiya. Sunana Garba, maginin rijiya ne ni a Illela. Wurin mahaifina na gaji sana'ar, kuma na fi shekara ashirin ina shiga ƙasa ina fitowa. Ɗan bokon da nake rubutu da shi a ajin yaƙi da jahilci na samo shi, a yi mini afuwa inda ya karkace. Sau biyu ina ba mai teburin da ya sayar mini da tocilarku saƙo ya kai muku, sau biyu yana cewa ya ba direban da ke kawo masa kaya. Shi ya sa na kawo kukana jarida, ko wani da ya san ka ya karanta maka.

1. Dole in fara da yadda muke aiki, don ba na jin ka taɓa leƙa rijiya sai dai a kawo maka ruwa a kofi. In za a ƙara wa tsohuwar rijiya zurfi, babba ne ke fara sauka shi kaɗai ya duba bango. Hannu ɗaya na riƙe da igiya, ɗaya na ƙwanƙwasa bango da guntun ƙarfe. Tocila kuwa a baki muke riƙe ta, tsakanin haƙora, duk inda kai ya juya haske ya bi. Tsaga muke nema, wani lokaci ba ta fi zare kauri ba. In babba ya fito ya ce "Bismillah", mai haƙa zai sauka da dagi, kuma ba ya sake duba bango. Sake dubawa raini ne ga babba. Haka muka taras, haka nake yi da ƙanena Sa'adu tun yana da ƙarfin ɗaga dagi.

2. A da, da tocilar da ake kawowa daga Ƙonni ta Nijar nake aiki, mai jikin ƙarfe, har ta tsufa ta mutu a hannuna. Lokacin an rufe iyaka, ba ta samuwa. Ranar wata Lahadi a kasuwar Illela na ga taku a tebur, 'yar siririya mai batir biyu, daidai bakin mutum. Naira biyu na biya. Na gwada ta yadda kowa ke gwadawa, na haska tafin hannuna a tsakiyar rana, na ga ta kama, na sa aljihu ina murna.

3. Ga abin da kuka ƙera. Jikinta gwangwani ne, na madara ma ya fi shi kauri, ran farko haƙorana suka lotsa shi. Makunnin sai an danne shi da harshe ko a ɗaure da zare, in ba haka ba ya zame ya koma. Gumi ya taɓa murfin baya, cikin mako guda ya yi tsatsa. Duk wannan na haƙura da shi, talaka ya saba lallaɓa kaya. Abin da ban sani ba shi ne ɗan kaskon nan mai ƙyalli da ke bayan ƙwai, wanda ke tara haske ya tura gaba. Naku roba ce aka shafa wa fenti, kuma ƙwan bai zauna daidai a cikinsa ba. In ka haska tafin hannu ba ka ganin komai. In ka ja baya kamu biyu, sai hasken ya zama zobe kamar gammo, gefe fes, tsakiya dishi-dishi. Mutumin da tocila ke bakinsa kuwa tsakiyar nan idonsa ke kallo.

4. Bara da bazara rijiyar wata unguwa a Garu ta ƙafe, kamar yadda rijiyoyi da yawa suka ƙafe a shekarun nan na fari. Aka kira mu. Gaba goma sha ɗaya ce zurfinta. Da hantsi na sauka da tocilarku a bakina, na zagaya bango sau biyu, na ƙwanƙwasa, ban ga komai ba. Na fito na kakkaɓe jiki na ce "Bismillah". Sa'adu ya sauka. Bai yi sara ashirin ba muka ji ƙara, ƙura ta taso daga ƙasa. Ɓangaren gabas ne ya zabtaro masa a baya. Sai bayan azahar muka ciro shi. Yana da rai, alhamdu lillahi, amma daga ƙugu zuwa ƙasa ba ya jin komai har yau. Mai ɗori ya gwada, asibitin Sakkwato sun gwada, aka ce mu dawo da shi gida. Yana da mata da 'ya'ya uku. Waɗanda suka shiga bayanmu sun ce tsagar ta kai tsawon hannu, kuma tsohuwa ce, har saiwa ta bi cikinta.

Gari ya yanke hukunci tun kafin mu dawo daga asibiti: idon Garba ya mutu, ya ɓoye don kada a daina kiransa. Ni ma na yarda da haka wata huɗu, ina tafiya ina murza ido. Mahaifiyarmu ba ta zage ni ba, da ma ta zaga. Abin da ta ce kawai shi ne, "Kai ka ce mishi Bismillah." Tun ranar, in na shiga gaishe ta sai ta amsa tana kallon tabarma.

Sa'adu ne ya gano. Mutumin da ke kwance wuni guda yana kallon rufin ɗaki ya fi kowa sanin rufin ɗaki. Wata rana da rana tsaka na shiga juya shi, ɗakin da duhu, na ajiye tocilar a kunne tana kallon sama. Ya ce, "Yaya, tsaya. Mi ag ga tsakiyar hasken nan? Azarar da nika kallo kullum ta ɓace." Na ɗaga kai. Ga zobe, ga duhu a ciki, azara guda ta nutse a wurin. Na zauna a ƙasa na yi kuka kamar yaro, shi da ke kwance yana ba ni haƙuri. Na bi maƙwabta na ari irinta guda biyar, huɗu haka suke.

5. Ban zo wanke kaina ba. Ni na saya, ni na gwada ta a rana kamar wawa, ni na ce Bismillah. Wannan zan tashi da shi gaban Allah. Amma kai ma akwai naka. Wanda ya saya don neman takalmi a ƙarƙashin gado ba zai taɓa kawo maka ƙara ba. A kan kwalin kuwa an zana mutum yana haska rami, kuma mai tebur da wannan zanen yake talla.

Na zagaya da tocilar ina nuna wa mutane, har an fara yi mini kallon mai taɓin hankali. Na shigar da mai tebur shagon wani tela, muka rufe ƙofa, ya gani da idonsa. Ya ce, "To ni mi zan yi? Ba ni na ƙera ta ba." Ya koma ya ci gaba da sayarwa. Shekara guda ke nan ba wanda ya kira ni rijiya. Dakon albasa nake yi a tasha, da shi nake ciyar da gida biyu.

6. Abin da ya sa na ɗauki biro yau shi ne Bawa, wani maginin rijiya daga Araba, magidanci mai 'ya'ya biyar, wanda yanzu ake ba aikin da da ni ake ba. Lahadin da ta wuce na gan shi yana haska tafin hannunsa da tocilarku a bakin tebur ɗin nan. Na riƙe masa riga, na roƙe shi mu shiga ɗaki in nuna masa. Ya yi dariya, ba ta mugunta ba, ta tausayi. Ya ce, "Malam Garba, tocila ba ta da laihi. Ka tahi a duba maka ido." Ya biya ya tafi. Ranar Asabar zai duba bangon wata tsohuwar rijiya a Amarawa, ɗan'uwansa ne zai yi haƙa.

Buƙatuna ba su da yawa, ranka ya daɗe. Ba na neman diyya, babu kuɗin da zai tayar da Sa'adu. Ka shiga ɗaki mai duhu da tocilarka, ka ja baya taku biyu daga bango, ka duba. In ka ga abin da na gani, ka janye ta daga kasuwa, ko ka sa a cire zanen ramin nan daga kwali. Sannan ka rubuto layi biyu a wannan jarida cewa aibin daga ƙira ne, in kai wa mahaifiyata a karanta mata tun tana raye.

Na san ba za ka amsa ba. Na san ko an buga takardar nan, Asabar za ta riga ta zuwa. Don haka ranar zan tafi Amarawa da ƙafa, da igiyata da shebur, in zauna a bakin rijiyar ko da ba wanda ya gayyace ni. Ba za su bar ni in duba bango ba. Amma in ƙura ta taso, na san yadda ake tono mutum.

Allah Ya ƙara maka arziki na halal, Ya tsare maka iyali. Allah kada Ya nuna maka ranar da za ka durƙusa a bakin rami kana kiran sunan ƙanenka.

Wassalam.

Garba maginin rijiya,
Illela.