Ƙwaryar da Aka Rubuta wa "Anonim"

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Baje Kolin Fasahar Zamani, Tasawa.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ranka ya daɗe, ni ne Sani, mushen lakwal, wato malamin makaranta, a Kona. Kwana uku na yi ina zirga-zirga a ƙofar bironka ana ce mini ka fita, shi ya sa na rubuto a fili.

Na farko. Ranar Talata na kawo mahaifina, Malam Idi Gyartai, kallon baje kolinku. Sana'arsa ɗinkin fasassun ƙore tun kafin a haife ni. Mun taho da sababbin ƙore huɗu da ƙanwarsa ta yi wa zane, mai gadi ya ce wannan "artizana" ne, wato sana'ar hannu, wurinsa waje, gefen masu saida tabarmi. Muka bar su muka shiga. A ciki na ga tsohuwar tayar moto rataye da igiya, na ga buhunan siminti an manna a bango, mutane na tsaye suna gyaɗa kai. Ban raina ba, amma ban gane ba, kuma na kasa tsayuwa wuri ɗaya.

Na biyu, kuma shi ya hana ni sukuni. A tsakiyar zauren kun ɗora wata tsohuwar ƙwaryar nono a kan farin akwati, fitila na haska ta. Baba na hango ta ya ce, "Ta Jumma ce, Bafillatanar Mayahi. Saniya ta taka ta." Ɗinki uku ne a jikinta, duk nasa, da zaren kaba, kowanne da ƙulli biyu a ƙarshe yadda ya saba. Ya miƙa hannu, aka daka masa tsawa kada ya taɓa. Mutumin da ya riƙe ƙwaryar nan a cinyarsa yini guda!

Ya ce in karanta masa 'yar takardar da ke gefe. Na karanta: "Anonim." Ya ce, "Ɗan wane gari ne?" Ranka ya daɗe, ni da kai mun san ma'anarta ba a san mai aikin ba. Kunya ta hana ni faɗa masa a gaban mutane, na ce baƙo ne. Tun ranar yake cewa in nemo baƙon nan su haɗu, ya tambaye shi dalilin ɗaukar aikin da ba nasa ba.

Na uku tambaya ce, don Allah a amsa mini. Me ya hana sabuwar ƙwarya shiga, fasassa ta hau akwati? In ɗinkin ne fasahar, ai akwai mai ɗinkin. In tsufan ne, ku sa sunan Jumma da ta yi shekaru tana tallar nono da ita. Wanda ya sayo muku ita, da ya tambaya a kasuwar Mayahi, da an nuna masa rumfar Baba.

Ba kuɗi muke nema ba, ƙwaryar ma ba tamu ba ce. Roƙona a cire takardar nan kafin ku rufe ranar Lahadi, a rubuta "Ɗinkin Idi Gyartai, Kona", kuma a bar shi ya taɓa ta.

Ranar Asabar zan dawo da shi. Bai iya karatu ba, ni zan karanta masa abin da na tarar, kuma ba zan sake yi wa mahaifina ƙarya ba.

Allah ya taya ka riƙo, ya sa ka gama lafiya.

Wassalam.
Sani Idi, Kona.