Mako Shida Baki A Ɗaure

Gidan Nababa, ta Kunci,
24 ga Yuli.

Zuwa ga maigidana, Malam Sama'ilu.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata ka isa Legas lafiya, ka tarar da abokan sana'a lafiya. Ya gajiyar hanya, ya kasuwa? Mu nan lafiya lau, Baba da Inna suna gaishe ka. An yi ruwa shekaranjiya, geron da ka yi wa maimai kafin ka tafi ya kai ƙugu.

Kar ka yi mamakin ganin takarda. Jiya da ka kira salular Baba aka kanga mini a kunne, kana ta tambaya ina ta gunji kamar kurciya, har katinka ya ƙare ba ka ƙaru da komai ba. Shi ya sa na lalubo tsohon littafina na makaranta. Tasi'u direban motar albasa ya ce duk Laraba yake lodi, zai riƙa miƙa maka.

Yau kwana tara da tiyata. Kumburin ya fara sacewa, amma haɓata har yanzu ko na mintsine ta ba na ji. Ka dai ga yadda suka ɗaure haƙoran sama da na ƙasa da siraran wayoyi. Likita ya ce mako shida cif, sai ashirin da shida ga Agusta za a kwance. Ya ce ƙashin muƙamuƙin da suka yanka suka gyara wa zama ɗanye ne, in ya motsa kafin ya kama zai iya komawa gidan jiya. Kunu nake sha, Inna ta tace shi sau biyu, ni kuma in zuƙa a sirinji in tura ta gefen kumatu. Kofi ɗaya sai ya ci mini rabin awa, tana tsaye a kaina.

Malam, na duba madubi. Haƙorana na gaba sun haɗu. Na san za ka ce kai dama ba ka taɓa ganin wani aibu ba, ni kuma ban taɓa yarda da kai ba, don kana da daɗin baki. Shekara ashirin da uku ban taɓa gatsar rake da haƙorin gaba ba. A makaranta 'Yar Hangame ake kirana. A gidan biki bayan ƙofa nake komawa da kwanona don kar a ga yadda nake yagar nama ta gefe. Shekara ɗaya da rabi na yi ina jigilar Kano da ƙarfe a haƙori kafin likitocin agajin nan su zo, kuma da bakinsu suka ce ba su san ranar dawowarsu ba. Saboda haka ko zan koma tsinke sai na cika kwanakin nan.

Abu ɗaya ne yake damuna. Nas ta rataya mini wani ɗan almakashi a wuya, ta ce wa Inna in amai ya taso mini ya sarƙe ni, a yanke wayoyin nan take, kar a jira kowa. Duk cikin bayanin da aka yi wannan kaɗai Inna ta haddace. Ko tari na yi sai ta kalli wuyana.

Ka kula da kanka, ka riƙa cin abinci. Ka huta lafiya.

Matarka,
Barira.

7 ga Agusta.

Maigidana,

Salama da gaisuwa. Ina fata kana lafiya, kuma hargitsin da muka ji ana yi a garuruwa kan tsadar abinci bai shafi wajenku ba. Shi ya hana Tasi'u tafiya wancan makon, shi ya kuma hana mu zuwa asibiti ranar da aka ba mu a duba ni, don an ce ba shiga ba fita a birni. Baba da Inna lafiya. Rumbu ya yi ƙasa, Baba ya fara auna gero da kansa, abin da ka san ba halinsa ba ne.

Wannan takardar ka karanta ta kai kaɗai, in ka gama ka yaga. Na sake rubuta layin nan sau uku saboda kunya. Wata ya wuce ban ga abin da na saba gani ba. Na ɗauka wahalar tiyata ce, tunda sun yi mini gwaji a asibiti sun ce babu komai. Amma kwana huɗu ke nan in Inna ta jefa daddawa a miya sai in ji cikina ya juya, yawu ya cika mini baki. Ni mace ce, na san abin da wannan yake nufi. Shekara uku muna roƙon Allah, sai ya ga dama ya ba mu a lokacin da bakina yake ɗaure da waya.

Na yi murna, wallahi na yi. Amma tsoro ya fi murnar yawa. Laulayi amai ne, amai kuwa ka ji abin da nas ta ce.

Inna ba ta sani ba, kuma ba ni da hanyar sanar da ita. Ba ta karanta boko. In ma tana karantawa, da wane ido zan miƙa wa surukata takarda cewa ina da cikin fari? A garinmu ko uwar da ta haife ki ba kya gaya wa, sai ta gani da idonta. Ita kuwa baiwar Allah ramata take gani. Ta sayar da zakaranta ta sayo gyaɗa da man shanu, kullum kunun sai ƙara maiƙo yake, ni kuma maiƙon ne yake tayar mini da zuciya. In na kau da kai sai ta ce raki nake yi. Sai in shanye, in zagaya bayan ɗaki in dafa katanga ina jan numfashi ta hanci har abin ya lafa.

Saura kwana goma sha tara. Ka taya ni da addu'a.

Taka,
Barira.

14 ga Agusta.

Maigidana,

Bayan gaisuwa, ya aiki, ya jama'ar can? Na ji muryarka ran Asabar, na kuma gane zancen da ka riƙa kewayawa saboda Baba yana zaune kusa. Ka ce ka ba yayarka, Yaya Kaltume, saƙo, ita za ta taso daga Bagwai ta shaida wa Inna. Ban ga laifinka ba, na san ba za ka iya buɗe baki ka gaya wa mahaifiyarka irin wannan ba. Amma ka duba wannan al'amari. Ni da Inna katanga ɗaya ce tsakaninmu, ga magana ta tafi Legas, ta dawo Bagwai, ta zauna a can tana jiran kuɗin mota. Yau kwana huɗu ba Yaya ba labarinta. An ce ruwa ya cinye hanyar wajensu, masu babur kuma sun ninka kuɗi.

Ran Litinin abin ya zo mini da safe ina shara. Kaɗan ne, ruwa ne zalla, na sunkuya kamar yadda nas ta nuna mini ya fita ta gefe da ta hanci. Na ga tashin hankali, don na ɗan lokaci numfashina ya ɗauke. Allah ya taimake ni Inna tana wajen awaki. Na zuba ƙasa a wurin kafin ta shigo.

Yanzu zan gaya maka abin da na yi, in za ka yi faɗa ka yi. Na cire almakashin daga wuyana na cusa shi a jinkar ɗakin girki. Igiyar kawai na bari, na tura ta cikin riga. Na san Inna. Ranar da ta ga na yi yunƙurin amai ba za ta tsaya tambaya ba, kuma in ta yanke, shi ke nan an yi wahalar banza. Ina iya daurewa. Ran Litinin ma ai na daure.

Tun jiya dai na ga ta sauya. Ta daina sa man shanu, koko tsararo take dama mini da 'yar tsamiya. Ta kwashe murhu ta mayar can bayan rumbu, wai hayaƙi yana damun idonta. Sai ta zauna ta yi ta kallona, in na ɗago ta kau da kai. Ban san ko ta gane ba, ita ba ta ce ba, ni kuma ba baki. Mun zauna muna ta satar kallon juna.

Zanina yanzu sai na ƙara masa naɗi kafin ya zauna. Ina tunanin abin da ke cikina, ko kokon nan yana isarsa. In na fara wannan tunani sai in ɗauko madubi in kalli haƙorana. Na san ba daidai ba ne, amma gaskiyar ke nan nake gaya maka.

Saura kwana goma sha biyu.

Matarka,
Barira.

28 ga Agusta.

Zuwa ga maigidana abin ƙaunata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau, ina kuma ba ka haƙuri. Na san Baba ya gaya maka an yanke wayoyin kuma ina nan da raina, amma bai san sauran ba. Na ƙi karɓar kiranka ne don ina jin nauyin faɗan da ka yi mini ran Asabar ɗin can na yi kunnen uwar shegu. Bakin ma yatsa ɗaya yake buɗuwa, gara in rubuta.

Litinin ce, sha tara ga wata, da hantsi. Baba yana gona. Maƙwabta suka ɗora suyar kifi, iska ta kwaso warin ta shigo da shi. Ban jima da shan koko ba. Na miƙe zan zagaya, ban kai ba na durƙushe a gindin turmi. Wannan karon ba kaɗan ba ne. Ya taso ya rasa hanya, ya toshe hanci, ya koma maƙogwaro. Ina jan iska babu iska. Ina ganin ƙasa tana yin duhu.

Inna ta zo da gudu ta tallafo ni. Na tuna almakashin yana jinka kuma ba ta sani ba, na ce a raina na kashe kaina da hannuna. Sai na ga ta kwance haɓar zaninta, ga shi a ciki. Ashe ta ga lokacin da na ɓoye, ta zare shi a ranar, tana yawo da shi ba ta ce mini uffan ba.

Malam, ga abin da nake kunyar rubutawa. Da ta kawo shi bakina, riƙe mata hannu na yi. Ina mutuwa ina girgiza kai. Kwana bakwai kawai ya rage. Tsohuwar nan da kake gani, ta danne hannuna da gwiwa, ta ɗaga leɓena ta bi wayoyin tana yankewa ɗaya bayan ɗaya. Ta kifa ni a cinyarta tana bubbuga bayana har numfashi ya dawo.

Washegari muka tafi Kano ni da ita. An yi gwaji, cikin yana nan, an ce wancan karon ya yi ƙanƙanta ne shi ya sa bai nuna ba. Likita ya yi mini tatas. Ya ce da na zo tun farkon laulayin da sun cire wayar da kansu sun sa roba, babu abin da zai taɓu. Shirun da na yi shi ya jawo yunƙurin da ya motsa ƙashin. Yanzu robar ce a bakina, ina iya cirewa da yatsa. In na haɗa haƙora akwai 'yar kafa a gaba, tsinken tsintsiya yana wucewa. Ya ce wataƙila roba ta ja ta, wataƙila ta tsaya haka, wataƙila ta ƙaru. Sai bayan wata biyu za a sani.

Yaya Kaltume ta iso ran Alhamis, an ci ado. Ta ja Inna ɗaki ta rufe ƙofa don ta isar da saƙonka. Ban ji abin da Inna ta ce mata ba, na dai ga ta fito tana sosa ƙeya.

Ni kuwa kwana biyar na yi ban yi wa Inna magana ba, ga baki a kwance. Ta kawo koko in karɓa, ta gaishe ni in gyaɗa kai. Na san ita ta ceci raina, na san laifina ne, amma duk sanda na ga kafar nan a madubi sai in ji haushinta ya turnuƙe ni. Ita ma ba ta neme ni da zance ba.

Ran Lahadi da la'asar muna tsinkar zogale, ta yi magana ba ta ko dube ni ba. Ta ce, “Barira, da bakinki a buɗe na karɓe ki a gidan nan, ban taɓa cewa a gyara mini ke ba. Ki yi ta fushinki, ina iya ɗauka. Abin da ba zan iya ba shi ne ɗana ya bar mini mutum biyu ya dawo in nuna masa kabari.”

Na ajiye zogalen na durƙusa a gabanta. Maganar farko da ta fita daga bakin nan da na sha wa wahala, gafara na roƙe ta. Ta ce in tashi, durƙuso ba shi da kyau ga mai irin lalurata. Iyakar abin da ta faɗa ke nan game da cikin, kuma na san ba za ta ƙara ba.

Ban sani ba ko za ka dawo ka tarar da haƙoran a haɗe. In Allah ya yarda dai za ka tarar da mu. Gero ya fara fitar da kai, Baba ya ce ka yi ƙoƙari ka zo girbi. Shi da Inna suna gaishe ka, ni ma ina gaishe ka fiye da kullum. Allah ya tsare mana kai, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Matarka mai kewarka,
Barira.